Godiya ga mutanen wani shagon gahawa a Madison

Assalamu alaikum. Yau kwananmu tara da dawowa Kano, gajiya ta sake mu, kuma Hajiya ta ga likitanta ya ce alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi ta kira da waɗanda suka tako har gida, Allah ya bar zumunci. Amma akwai wasu mutane uku da ba za su iya zuwa ba, ba su ma san hanyar unguwarmu ba, kuma dominsu na zauna rubuta wannan.

Hutun mako uku muka je wajen babban ɗanmu da ke karatun digiri na uku a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, a Amurka. Daga filin jirgin O'Hare na Shikago tafiyar kusan awa uku ce a bas. Garin yana tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, kuma jami'ar, wadda aka kafa a 1848, ita ce ran garin. Mun sauka a farkon Janairu, ɗalibai da yawa sun tafi hutu, tafkin Mendota ya daskare har mutane na tafiya a kansa, wasu sun huda ƙanƙara suna kamun kifi.

Ranar da abin ya faru yaron yana ɗakin bincike, sai muka ce mu fita mu biyu mu ga gari. Akwai titin State, wanda ya tashi daga ginin majalisar jiha mai babbar ƙubba ya miƙe har bakin jami'a, shaguna dama da hagu. Hajiya na da ciwon suga shekara goma sha ɗaya. Ta yi allurarta, ta ɗan taɓa abin kari ba da yawa ba, da niyyar za mu ci abinci a hanya. Ni ne na ce mu fara leƙa tafkin tukuna, abinci ba zai gudu ba. Wannan laifina ne, na faɗa mata, ina kuma faɗa a nan.

A kan hanyar dawowa ta kama hannuna ta ce, "Alhaji, tsaya." Na duba fuskarta sai na ga gumi a goshinta, a cikin sanyin da hancina ya daina ji. Hannunta na rawa, maganarta ta fara sarƙewa. Na ciro waya in kira yaron, wayar ta mutu, alhali da caji na fito da ita; ashe tsananin sanyi yakan kashe batir. Ƙofar da ta fi kusa da mu ita na tura.

Ƙaramin shago ne, bai wuce tebur goma ba, da tsofaffin kujeru masu laushi, da kantar littattafai a jikin bango, da tagogi da suka yi raɓa saboda ɗumin ciki. Ƙamshin gahawa da kirfa ya cika wurin. Ɗalibai huɗu ko biyar kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa.

Ta farko da nake yi wa godiya ita ce yarinyar da ke bayan kanta. Ba ta tambaye mu me za mu saya ba. Kallo ɗaya ta yi wa Hajiya ta zagayo, ta zaunar da ita, ta durƙusa a gabanta ta ce ko tana da ciwon suga. Na ce e. Ta ce a ba ta na'urar gwaji. Hannuna ya kasa zuge jakar, ita ta zuge, ita ta soki yatsan. Na'ura ta nuna sugan jininta ya sauka zuwa 54, alhali da zarar an sauka ƙasa da 70 an shiga haɗari. Ta kawo rabin kofi na ruwan lemun zaƙi, ta tallafi ƙeyar Hajiya da tafin hannunta tana ba ta kaɗan kaɗan. Sannan ta ajiye wayarta a kan tebur ta ce za mu jira minti 15 mu sake gwadawa, in bai tashi ba, ko kuwa Hajiya ta kasa haɗiya, za ta kira 911, lambar agajin gaggawa, ko na yarda ko ban yarda ba. Daga baya na ji ɗaliba ce mai koyon aikin jinya, aikin shagon take yi don biyan haya. Ba za ta girmi autarmu ba.

A cikin minti goma sha biyar ɗin nan ne na biyu ya zo. Ina ta cewa, "Hajiya, sannu, buɗe ido, kina ji na?" sai na ji murya daga bayana: "Sannu Hajiya. Allah shi sauwaƙa." Na waiwaya. Wani tsohon Bature ne mai farin gemu, da sanda, ya ajiye jaridarsa ya taso. Hajiya kanta sai da ta ɗago. Ya ce a ƙuruciyarsa ya yi shekara biyu a wani ƙauye kusa da Maraɗi, cikin 'yan sa-kai na Peace Corps, shirin da ya yi aiki a Nijar daga 1962 har 2011. Da ya dawo gida bai yarda harshen ya kuɓuce masa ba, ya zauna a ajin Neil Skinner, mai ƙamus ɗin nan na Turanci da Hausa da ya yi aiki a Zariya kafin ya koma koyar da Hausa a wannan jami'a. Hausarsa ta tsufa tare da shi, yana laluben kalmomi, amma ta Maraɗi ce sak, da "shi" da "ɗiya" da komai.

Abin da mutumin nan ya yi ba magani ba ne, amma ban san yadda zan auna shi ba. Ya jawo kujera ya zauna daidai da ita, yana tambayarta 'ya'ya nawa, jikoki nawa, ko har yanzu ana dama fura da nono kamar da, don kada ta lumshe ido. Tana amsa masa a hankali. Da aka sake gwadawa ya kai 81, ya ɗaga hannu ya ce, "Madalla!" har ɗaliban suka ɗago kai. Da wayarsa aka kira ɗanmu, domin lambar na rubuce a takarda cikin aljihuna.

Na uku mai shagon ne. Ya kawo wa Hajiya burodi da cuku, ya ɗauko kwalin ya nuna mini abin da aka rubuta a jiki don in tabbata babu naman alade a ciki, ban ma tambaya ba. Ya sa wayata a caji. A watan Janairu rana na faɗuwa a garin tun kafin ƙarfe biyar, la'asar na neman wucewa, na ce ko akwai inda zan yi salla. Ya buɗe mini ɗakin ajiya, ya janye buhunan gahawa gefe, ya shimfiɗa sabon kwali, ya duba wayarsa ya nuna mini gabas ɗin wurin, wadda ta karkata zuwa arewa maso gabas. A nan, tsakanin buhuna, na yi sujada na yi kukan da na riƙe a gaban Hajiya. Da na zo biya ya ce na gahawata kawai zai karɓa. Na matsa, ya tura hannuna baya.

Ni mutumin teburin mai shayi ne, kuma kafin ranar nan ina yi wa irin waɗannan shaguna kallon wurin da kowa ke zaune shi kaɗai da kwamfutarsa. Mun koma sau huɗu kafin mu taho. Na ga yadda ake barin ɗalibi ya wuni a kan kofi ɗaya ba mai yi masa kallon tashi, na ga mai shagon ya san wanda ke da jarrabawa da wanda ya yi kwana biyu bai leƙo ba. Hajiya ta samu kujerarta kusa da taga, yarinyar kuma ta koyi cewa "Mama, yaya jiki?"

Ina gode wa ɗanmu da ya iso a guje ko rigar sanyi bai zuge ba, da abokansa na masallacin da ke kusa da jami'a da suka yi ta kawo abinci har kwana uku.

Malam na Maraɗi, ka yi mini alkawari in na rubuta za ka karanta wa sauran biyun da Turanci. To ga shi. Ka gaya wa 'yata mai jinya cewa Mama ba ta fita yanzu sai da dabino a jaka, kuma tana sa ta a addu'a da sunanta. Ka gaya wa mai shago Allah ya yi wa kasuwarsa albarka. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ka lafiyar ƙafa. Hular da ka ce taka ta tsufa, an ba mai ɗinki, yaron zai taho maka da ita in ya zo hutun bazara.