Yadda na bi sawun ƙarar da ke cikin rufin motata mai sanruf

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai ƙara a saman kai ya san abin ba ƙaramar takura bace, inji lafiya lau, giya lafiya, ƙafafu ba abin da ke damunsu, amma da ka sauka daga kan kwalta sai kaji ƙas-ƙas-ƙas daga sama, ka ƙara rediyo ka rage duk a banza, kunnenka yana can. Tawa salun ce 'yar Japan ƙirar 2009, daga Amurka aka shigo da ita ta Kwatano, tana da sanruf, wato tagar gilashin nan ta saman rufi da ake zugewa, kuma a Kano nake hawanta. Mota ce da ta sha rana ta sha hanya, shekarunta ma sun isa ta fara surutu, amma ni ban yarda da maganar da ake yawan yi ba wai duk mota mai sanruf haka take sai dai haƙuri. Duk ƙarar da kaji to abu biyu ne suke taɓa juna, in ka gano su ka raba su ko ka ɗaure su shikenan ta mutu.

Shawarar farko da kowa ya bani ita ce in kai a sauke silin gaba ɗaya a duba. Naƙi, kuma har yanzu ina ganin kar kowa ya fara ta nan. Silin mota faifai ne mai ɗan tauri da aka manna masa siririn soso da yadi, in ya lanƙwashe wajen fito da shi ta ƙofa wannan layin ya zauna kenan har abada, ga kilif-kilif ɗin roba da zafi ya riga ya dafa su, kana ja suna karyewa, kowane ɗaya da ya karye ba a sake shi ba sabuwar ƙara ce ka sayo wa kanka. Ga kuma babban abu, motocin wannan zamanin da yawa suna da jakar iskar kariya naɗe a gefen rufin tun daga gaba har baya, waje ne da ba a wasa da sukundireba. Sannan in an sauke silin motar a tsaye take, ƙarar kuma sai ana tafiya take fitowa, to me za a gani?

Don haka na fara da kunne. Na kwashe komai daga cikin motar tukuna, carbin da ke rataye a madubi, kwalbar turare, sulalla, tabarau da ke cikin ɗan akwatin nan na kusa da fitilar sama, har cajar waya, na tabbatar abin tare rana ya shiga maƙalinsa dukka biyun. Sai na ba ƙanena tuƙi ni na koma baya. Wannan shi ne abin da ya fi komai amfani a duk aikin, domin daga kujerar direba kunne yaudararka yake yi, rufin mota kamar ganga ne, a taɓa shi a can baya ka rantse a saman goshinka abin yake. Muka zaɓi wani layi mai intalok a unguwarmu muna bi a hankali, gudun 20 zuwa 30, rediyo a kashe, AC a kashe, gilasai a rufe, muje mu dawo. Har ya gaji yace "Yaya wai me kake ji ne, ni fa ban ji komai ba", nace kai dai riƙe wannan gudun kar ka ƙara kar ka rage.

Anan na gane ashe ba ƙara ɗaya bace. Akwai wata ƙiiƙ-ƙiiƙ mai ja, wadda take zuwa in motar ta murɗa, misali za ka hau kwalbatin ƙofar gida a karkace ƙafa ɗaya ta riga ɗaya, kuma ta fi tsanani da sassafe lokacin hunturu, rana na ɗagawa sai ta lafa. Akwai kuma ƙas-ƙas ɗin mai sauri wadda ita gargada take so, ba ruwanta da safe ko yamma. Tunda halinsu daban to asalinsu ma daban ne, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farkon bata wahalar dani ba. Sanruf yana da matsayi uku da za ka gwada, a rufe ruf, a ɗage ta baya, da kuma a zuge. Ina ɗaga bayan gilashin sai ƙiiƙ ɗin ta ɗauke cak, ina rufewa ta dawo, kaga kenan robar da ta zagaye gilashin ce take gugar ƙarfen rufin. Da na sa yatsa na shafa robar ta bushe ƙamas, ƙurar hunturu ta shige duk lungunta tayi fari. Na wanke ta da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, har bakin ƙarfen da take zama a kai, na bari ta bushe sannan na shafa mata giris ɗin silikon ɗan kaɗan da yatsa na goge ragowar. Dan Allah kar wanda ya shafa wa robar nan baƙin mai ko giris ɗin ƙafa ko man feshin nan na kwance noti, duk abin da aka yi da man fetur kumbura roba yake yi ya lalata ta, yau ƙara zata ɗauke bayan wani lokaci kuma ruwa ya fara shigo maka. Layukan da gilashin ke gudu a kai ma na zuge na share su, abin da na kwaso a ciki tsohon giris ne da ya haɗe da yashi ya zama baƙin laka, har da busassun ganyen darbejiya. Na sa sabon giris shafe ɗaya kawai, domin a garinmu duk giris ɗin da ka cika ƙura kake tara wa.

Ƙas-ƙas ɗin ce ta ci min lokaci. Gilashi a rufe tana nan, a ɗage tana nan, a zuge tana nan, na ja murfin cikin nan da ke tare hasken na tsayar dashi rabi tana nan, na sa hannu na riƙe ɗan shingen iskar da ke tasowa a gaba in an zuge gilashin, nan ma bata fasa ba. To na cire gilashin da kayansa daga lissafi. Sai na koma danna silin da tafin hannu muna tafiya, taku-taku, daga gaba zuwa baya, dama da hagu, duk inda na danna naji ƙarar ta canza sai in manna ɗan salatif ɗin takarda a wajen. Hannu a wanke fa, yadin silin baya yafe datti. A bayan bakin sanruf ta hagu, daf da mariƙin nan da fasinjan baya ke kamawa, ina dannawa sai tsit, ina saki ta dawo. Wallahi daɗin da naji a lokacin ba kaɗan bane.

Akwai wata dabara da ta ƙara tabbatar min, ga wanda bashi da mai tuƙa shi zata yi masa amfani sosai. Ana samun manhajar waya mai fitar da sautin gwaji, ka haɗa ta da sifikun motar kana tsaye a gida, ka fara daga ƙasa wajen 40 Hz, wato sauti mai kauri sosai, kana hawa a hankali zuwa 120, ƙarar sifika matsakaiciya kar ka fasa su. A wani mataki sai kaji abin da yake sako-sako ya ɗauki rawa da kansa, kai kuma hannunka biyu a sake kana laluben wajen. Bata kama ƙarar murɗawa irin ta roba, amma mai kaɗawa tana tono ta. A tawa daidai inda na manna salatif nan ya amsa.

Sai a lokacin na je wajen wani dattijo mai aikin kujeru da silin mota, na nuna masa alamar nace "Baba nan kawai nake so a buɗe, ba duka ba." Ya kalli salatif ɗin ya danna wajen da babban yatsa yace "Alhaji ai ka gama rabin aikin, da kowa haka yake zuwa da bamu karya wa mutane kaya ba." Kafin ya taɓa komai muka cire kan batir na negatif muka jira, littafin gyaran Toyota daƙiƙa 90 yake cewa, na Honda minti 3, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir, mu dai muka ba shi fiye da haka. Ya zare robar bakin ƙofar baya, ya kwance mariƙin, ya saki murfin ginshiƙin tsakiya ta sama da abin ɓamɓare kilif na roba, ba sukundireba ba, silin ya sauko kamar faɗin tafin hannu, iya yadda za a haska fitilar waya a leƙa.

Abin da muka gani wayoyi ne. Ashe wayoyin fitilar sama da na ɗan injin da ke zuge sanruf a bayan silin ake shimfiɗa su a manne da gam, ɗigo-ɗigo, to zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen rufin motar da ta wuni a rana, ya gasa gam ɗin ya saki. Damin wayar ya tashi yana lilo, a tsakiyarsa akwai wani farin soket ɗan ƙarami, shi ne yake dukan ƙarfe duk sanda taya ta faɗa gargada. Har wani ɗan tabo mai sheƙi ya yi a jikin fentin inda yake bugawa, kuma wannan alama ce da ya kamata mutum ya nema, duk inda abu biyu suka daɗe suna gugar juna zaka ga sheƙi ko baƙin gari-gari. Baba ya naɗe soket ɗin da siririn soso, ya bi wayar da tef ɗin yadi irin na masu wayarin, ba baƙin salatif ɗin roba ba don shi zafi na narkar da gam ɗinsa ya warware, sannan ya mayar da ita hanyarta ta asali ya manne. Na lura ko kusa da naɗin jakar iskar bai kai hannu ba, bai ɗaura komai a jikinta ba, bai kuma bi da waya ta gabanta ba. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a wajen nata ne, a barshi.

Tunda an riga an buɗe sai nace mu duba na kusa. Firam ɗin sanruf gaba ɗayansa a rataye yake da ƙarfen rufin da wasu ƙananan notuna masu lamba 10, ya sa sifana ya bi waɗanda hannu ke kaiwa, ɗaya ya samu ya ɗan saki, ya ɗaure shi daidai misali ba da ƙarfin tsiya ba don suna iya tsinkewa. Tiyon ruwa na baya ma ya fita daga maƙalinsa, aka mayar. Ya kuma tura ƙarfen da ya gitta rufin da hannu ya ga ko gam ɗin da ke tsakaninsa da fatar rufin ya rabu, yace yana yawan ganin wannan a tsofaffin motoci kuma ƙararsa ta fi zurfi, ɗum-ɗum take yi, tawa dai lafiya lau. Kilif biyu sun karye duk da lallaɓawar da yayi, dama na sayo irinsu a Ƙofar Ruwa na taho dasu, ina ba kowa shawara ya cire ɗaya ya je dashi kasuwa a gwada, don kamanninsu ɗaya amma kaurin ƙafarsu ya bambanta, wanda bai kama tsam ba shi ma kaɗawa zai yi.

Maganar tiyon nan tana da muhimmanci ko babu ƙara. Mutane da yawa sun ɗauka robar gilashin ce ke hana ruwa shiga ɗungurungum, alhali an san wani zai wuce, shi yasa akwai kwata a ƙarƙashi da rami a kowace kusurwa huɗu, tiyo biyu na gaba suna bin ginshiƙan gilashin gaba, biyu na baya suna bin ginshiƙan baya su zubar a ƙasa. Ƙurar rani tana toshe su, ruwan Agusta na zuwa sai kaga silin ya jiƙe, gam ya ƙara saki, kafet na wari. Na zuba ruwa kaɗan daga gora a kowace kusurwa ina leƙa ƙasan motar, ta gaba ta dama bata zubar ba, na zura igiyar roba mai laushi a hankali har ta buɗe. Kar a sa iskar mai faci da ƙarfi, tana iya fizge tiyon daga bakinsa a can ciki inda sai an sauke silin kafin a mayar, kar kuma a zura waya mai tsini.

Gilashin kansa ban kwance shi ba don a daidai yake zaune. Wanda nasa ya karkace, akwai sukurori masu kan tauraro a gefe da gefe ta ciki da ake sassautawa a daidaita tsayinsa, gaban ya yi daidai da rufin ko ya ɗan nutse kaɗan, bayan kuma daidai ko ya ɗan taso kaɗan don kar iska ta riƙa yin fito a kan babban titi. A yi wa mazauninsu alama da alƙalamin maka kafin a sassauta.

Da muka mayar da batir sanruf ɗin ya daina rufewa da dannawa ɗaya, sai ka riƙe maɓallin. Wannan ba lalacewa bace, ya manta iyakarsa ne saboda an ɗauke masa wuta, a tawa riƙe maɓallin ɗagawa nayi har ya kai ƙarshe ya ɗan motsa sannan ya dawo daidai, amma kowace mota da tsarinta, yana cikin littafin da ke aljihun dashbod. Daga nan muka koma layin intalok ɗin da ƙanena, ni a baya, gudu iri ɗaya, sannan muka hau kwalbatin gida a karkace, dukka biyun babu. Robar kuwa tana neman a sake wanke ta a shafa silikon duk farkon hunturu, ramukan ruwan kuma a gwada su kafin damina ta sauka.