Ja da baƙi

Asabar. Tun asuba ba wuta, sai bayan Azahar aka kawo. Mai ruwa ma bai leƙo ba, wanki yana nan jibge.

Motar wasan Auta mai remot ce ta cinye min rana. Jiya na sayo mata sabon batir a Sabon Gari, mai bolt 4.8 ɗin nan, ƙanana huɗu a naɗe cikin leda ɗaya, tunda tsohon ya daina riƙe caji. Da hantsi yaron ya jona da kansa ya kunna, sai ga hayaƙi siriri da ƙaurin roba. Mamansu ta rufe shi da faɗa, ni ma na ɗora nawa: "Sau nawa zan ce maka ka jira ni? Hannunka ba ya zama wuri ɗaya!" Bai ce uffan ba. Ya ajiye remot ɗin a kan kujera ya shige ɗaki.

Da aka kawo wuta na kwance motar a kan tabarma. Kafasito ɗaya, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, ya kumbura, kansa ya tsage. Tiransistocin da ke juya injin gaba da baya, S8050 da S8550, biyu daga ciki sun yi baƙi, na ɗora mita ta yi ta ƙara, alamar sun haɗe ta ciki. Ƙaramin cif ɗin RX-2B, wanda ke fassara saƙon remot, shi na fi jin tsoro, amma Allah ya tsare. Na ciro kayan maye daga gawar tsohuwar rediyon Baba, tiransisto kuma ina da ragowa a gwangwanin madara. Dalma, tocila, hannu na rawa, kusan awa biyu.

Sai da na zo jona batir na jera sabon da tsohon, gabana ya faɗi. Kan filogin iri ɗaya ne sak, kuma ta gefe ɗaya kaɗai yake shiga. Amma a tsohon jar waya tana dama, a sabon tana hagu. A juye ya zo tun daga kamfani. Ko ni na jona, hayaƙin nan zai tashi. Ni na saya, ni ban duba ba.

Na sa allura na zaro ƙarafunan filogin na musanya su. Na ƙara diyod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan jar wayar don gaba, 1N5819, domin ɗan'uwansa 1N4007 yana cin kusan bolt 0.7, wannan kuwa wajen rabin haka, kuma batir ƙarami ba shi da na kyauta. Na kunna, tayoyi suka juya.

Na ƙwala masa kira. Ya fito yana raɓe-raɓe, ido duk ya kumbura.

"Abba, ka yi haƙuri, ba zan sake ba."

"Zo ka riƙe min tocila."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ya riƙe da hannu biyu kamar an ba shi amanar gari. Na nuna masa wayoyin, na ce ka ga ja, ka ga baƙi, batirin ne ya zo a juye. Ya gyaɗa kai kawai. Na san bai gane cewa wanke shi nake yi ba, ni kuma na kasa faɗa masa kai tsaye. Baba bai taɓa ba mu haƙuri ba, sai dai ya dawo da tsire da daddare, mu kuma mu gane.

Motar ta yi ta zagaye tsakar gida har Magariba, ta kori kajin Hajiya sau biyu. Mamansu ta ce, "Wallahi in ka sake ƙona ta babu mai gyarawa." Na yi shiru nan ma.

Tuwon shinkafa da miyar taushe. Ban ci da yawa ba.

Yanzu ya yi barci da remot a ƙarƙashin matashi. Mai tsiren bakin layi bai tashi ba tukuna, ina jiyo ƙamshin daga nan.