Zanen siminti, ƙuli-ƙulin Goggo da rabin makin da ya riƙe ni

Sau biyu ina zama jarrabawar IELTS, wato ta auna ƙwarewar Turanci, duka biyun kuma rubutu ne ya kayar da ni. A karon farko sauraro 7.5, karatu 7, magana 7, rubutu 6. Na koma karo na biyu, sauran suka ɗan motsa, amma 6 ɗin nan ta rubutu tana nan daram. Ni nas ce, a nan Jos nake aiki, kuma hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Ingila, wato NMC, 7 take so a sauran ukun, a rubutu kuma 6.5, kenan rabin maki ne ya tsaya tsakanina da abin da nake nema. Wanda bai taɓa cire kuɗin rajistar nan daga albashinsa ba, ya hau mota daga Jos ya bi ta Akwanga da Keffi har Abuja, ya kwana gidan 'yan'uwa ya tashi tun asuba, ba zai gane zafin rabin maki ba wallahi.

Ga wanda bai san tsarin ba, rubutun awa ɗaya ne, kashi biyu. Na farko aƙalla kalmomi 150, ana so ka gama a minti 20, na biyu insha'i ne aƙalla kalmomi 250 a minti 40, kuma makinsa ya ninka na farkon. Jarrabawar iri biyu ce, Janar da Akadamik, masu yin Janar wasiƙa ake ba su a kashin farko, mu 'yan Akadamik kuwa sai dai abin da Allah ya kawo, ko giraf, ko tebur, ko taswira, ko kuma zanen yadda ake sarrafa wani abu a masana'anta, akwatuna da injina da kibiyoyi suna nuna daga nan sai can. Wannan na ƙarshen shi ne dodona, kuma shi ya fito min a zama na biyu.

Bayan faɗuwar nan ne wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, yana koyar da mu huɗu a falonsa ta wajen Bauchi Road duk Asabar. Ranar farko zanen siminti ya ba mu. Farar ƙasa da yumɓu suna shiga injin fasa dutse su zama gari, a gauraya su, su bi ta wani dogon bututu mai juyawa da wuta a ƙarshensa, a niƙa, a ɗura a buhu. A gefe kuma ga yadda ake haɗa kankare da simintin da yashi da tsakuwa da ruwa. Ni kuwa na duƙufa na zuba rubutu ya kusa kalmomi 300, har na faɗa musu muna da kamfanin siminti a Ashaka ta jihar Gombe, na ƙara da cewa ya kamata masu aiki a irin wurin nan su riƙa sa takunkumi saboda ƙura tana taɓa huhu, abin da na sani sarai daga aikina. Na miƙa takarda ina jin yau kam na yi.

Malam ya karanta, ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan kusan rabi, sannan ya turo min zanen ya ce, "Sista, nuna min Ashaka a nan." Na ce babu Malam. Ya ce, "To huhun fa?" Na yi shiru. Ya ce, "'Yata, ba a tambaye ki abin da kika sani ba, abin da kika gani aka ce ki faɗa."

Gaskiya abin ya sosa min rai, domin duk karatun da muka yi tun sakandare an saba mana da cewa yawan abin da ka sani shi ne maki, in ka cika takarda malami zai ji tausayinka. Nan ba haka ba ne, umarnin da ke saman takardar ma cewa yake ka taƙaita bayanin, ka zaɓi manyan abubuwa ka ba da rahotonsu. Ra'ayinka, dalilin da ba a zana ba, shawara, duk ba gurbinsu. Sai da na koma gida na tuna amsar da na rubuta a Abuja na ga irin wannan cikon na yi, na ɓata lokaci a kan abin da ba ya kawo ko ɗigon maki.

Abu na biyu da ya fi wannan girma ma, ban taɓa rubuta dunƙulallen bayani ba, wanda Malam ke kira obabiyu. Jimla ɗaya ko biyu ce kawai da za ta faɗi matakai nawa ne, daga ina aka fara, a ina aka ƙare, kuma abin miƙaƙƙe ne ko zagaye yake ya dawo farko. Abubuwa huɗu masu duba takarda suke aunawa, cika aikin da aka ba ka, tsari da haɗin zance, yalwar kalmomi, sai nahawu, kowanne kashi 25 cikin ɗari, kuma a na farkon in babu wannan dunƙulallen bayanin a fili, a 5 ake ajiye ka komai kyan sauran. Ni da nake ta haddace manyan kalmomi ashe ƙofar ma ban shiga ba. Abin da ya sa na gane shi da wuri, kullum ina yinsa a wurin aiki ban sani ba. In zan miƙa wa masu kwana aiki ba na farawa da gado na ɗaya, sai na fara cewa marasa lafiya goma sha takwas ne, an sallami biyu, an kwantar da uku, mutum ɗaya ne jikinsa ya yi tsanani, sannan mu bi gado-gado. Tun daga ranar, kafin in sa biro a takarda sai na ƙirga kibiyoyin da yatsa.

Amma inda abin ya buɗe min da gaske ba a falon Malam ba ne, a tsakar gidan Goggona ne a Unguwar Rogo. Ita sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun kafin a haife ni. Na je gaishe ta ran wata Lahadi na tarar tana koya wa wata yarinyar maƙota, na zauna a kan tabarma ina ji. Cewa take, ana ɓare gyaɗar tukuna, a tsince, a soya ta sama-sama kar ta ƙone, a murje a bakace ɓawon da faifai, a kai inji a markaɗo, sannan a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a kwashe man, tunkuzar kuma a matse ta sosai a murza a soya a cikin man nata. Tun daga farko har ƙarshe ba ta ce ni ba, ba ta ce ke ba, ba ta ce mai inji ba. Ana, a, an. Na ce Goggo don Allah maimaita min, ta ce, "Ke kuma 'yar nan, asibitin za ki bari ki kama ƙuli?" Na ce a'a Goggo, jarrabawa ce.

Wannan fa shi ne fasib ɗin nahawun Turanci, wato faɗin aiki ba tare da ambaton wanda ya yi ba, da aka yi ta wahalar da mu da shi a aji kamar wani baƙon abu. A zanen masana'anta ba ruwan kowa da wanda ya yi aikin, kayan ake bi, shi ya sa ake cewa the clay is crushed, wato ana fasa yumɓun, ba a cewa ma'aikata sun fasa. Mu a Hausa muna da shi a bakinmu kullum, bambancin kawai su kayan suke sawa a gaba, mu kuma ana muke sawa. Da na fara faɗin zanen a zuciyata da muryar Goggo kafin in rubuta, sai na daina ƙirƙiro ma'aikatan da babu su a hoton. Sai dai a kula, in zanen na halitta ne, kamar rayuwar tsutsar siliki ko yadda ruwa ke tashi ya zama girgije ya dawo, to nan ba a yi wa kowa komai, tsutsar da kanta take cin ganye, fasib ba ya shiga sosai.

Akwai kuma inda Hausar ta so ta ja ni baya. Mu sai ɗinmu ba ta gajiya, sai a yi kaza sai a yi kaza, labari ya tafi lafiya lau ba wanda zai ce ka maimaita. Ni kuma duk sai ɗaya na mayar da ita then, Malam ya ƙirga min tara a sakin layi biyu. Ya sa na koyi haɗa matakai biyu a jimla guda da irin su once da after which da before being, kuma wannan yana taɓa maki biyu a lokaci ɗaya, haɗin zance da nahawu. Ni dai a ganina haddace dogon jerin kalmomin haɗi da ake yawo da shi a WhatsApp ɓata lokaci ne, huɗu ko biyar da ka iya sarrafawa sun ishe ka.

Sai kuma sunayen da ke jikin zanen. Yawanci sunan inji ake ba ka, kai za ka fitar da aikatau daga ciki. An rubuta grinder, ni na rubuta grinded har sau biyu, alhali ground ne. Ƙaramin abu ne amma a rubutun da bai wuce kalmomi 170 ba yana fitowa fili kamar tabon manja a farin yunifom. Na samu ƙaramin littafi na riƙa tara irin waɗannan, niƙa, tacewa, narkarwa, busarwa, ɗurawa, sanyayawa, kowanne da siffarsa ta uku, wato wadda ake sawa a fasib kamar ground. In kuma ka ga kalmar da ba ka sani ba kar gabanka ya faɗi, hoton yana nuna maka abin da injin yake yi, dubi abin da ya shiga da abin da ya fito.

Lokaci kuwa, a zama na biyu minti 35 na kashe a kan zanen, insha'in da ya fi maki na yi shi a guje ban ko kammala da kyau ba. Daga baya na sa wa kaina doka, minti uku kallo da ƙirga, sha huɗu rubutu, uku dubawa, in agogo ya cika ko ina tsakiyar jimla zan rufe ta in wuce. A dutin dare in wuri ya lafa nakan gwada da abin da ke gabana, na rubuta yadda ake wanke kayan tiyata a naɗe a sa a otokilef, injin kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121, na rubuta ƙuli-ƙulin Goggo ya fi sau biyar, Malam ya yi ta gyarawa har ya ce ranar da zan kawo na shida in haɗo masa da ƙulin.

Zama na uku zanen sarrafa robobin ruwa aka ba mu, yadda ake tattara su a mayar da su sabon kaya. Na ƙirga matakan, na ga zagaye yake, na faɗi haka a sakin layi na biyu, na gama da sauran minti ɗaya a cikin ashirin ɗina. Sakamako ya fito rubutu 6.5, alhamdulillahi. Shekara biyu takardar take aiki, don haka tuni na fara haɗa sauran takardu, ranar Asabar kuma har yanzu ina zuwa falon Malam, akwai ƙannena biyu daga wurin aiki da za su zauna tasu, wannan satin zanen bulo za mu yi.