Adireshi ɗaya ya cinye min azumin 2023: yadda na nemi bizar aikin addini ta Amurka

Duk alaramman da ya ji ina New York, tambayarsa ɗaya ce: wani masallaci ya gayyace ni jan asham, me zan tanada? Hankalin kowa yana kan fasfo, ijaza, da abin da Baturen ofishin jakadanci zai tambaya. Waɗannan duk ba su ba ni wahala ba. Abin da ya cinye min azumi sukutum layi ɗaya ne a cikin wata takarda da ba ni na cike ba, ban ma ganta da idona ba sai bayan aikin gama ya gama.

Masallacin da ya neme ni yana Bronx, wani yanki na birnin New York. Yawancin jama'arsa 'yan zangon Ghana ne, mutanen Kumasi da Nima, sai tsirarun 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Suna son mahaddacin da zai ja musu asham da tahajjud, ya kuma zauna ya karantar da yara. Bizar irin wannan aiki ita ce R-1, kuma abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne, ba kai kake nemanta ba tun farko. Masallaci ne yake shigar da fom I-129 wurin hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, a lokacin kuɗinsa dala 460. Shi zai nuna cewa ƙungiyar addini ce da hukumar haraji ta yafe wa haraji, shi zai nuna inda albashinka zai fito da inda za ka kwana, shi zai lissafa aikin da za ka yi wanda bai gaza awa 20 a mako ba. Asham kaɗai ba ta cika wannan lissafi, shi ya sa suka haɗa da salloli biyar da makarantar Asabar da Lahadi. Kai naka kawai ka tabbatar ka yi aƙalla shekara biyu cikin wannan addini kafin a shigar da takardar, kuma ka cancanci aikin.

Nawa ɓangaren ya tafi sumul. Tunda mu ba mu da takardar naɗin limanci irin ta coci, ijazar da Malam ya rubuta min da hannunsa na kai aka fassara zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu, na haɗa da wasiƙar kwamitin masallacin unguwarmu a Kano. Na tura. A watan Satumban 2022 suka shigar.

Bayan 'yan makonni shugaban kwamitinsu ya kira ni, dattijo mai fara'a, muryarsa cike da murna. "Alaramma, lambar rasit ta fito. Ka sallami mutanenka, wannan azumi namu ne in sha Allahu." Na ce, "Alhaji, ba a jira amincewar ta fito ba?" Ya ce, "Haba Alaramma, wata shida fa muke da shi." Maganar dattijo ce, kuma adalci ne a sanar da mutane da wuri don su nemi wani. Na je na gaya wa kwamitin masallacinmu, aka yi addu'a, aka ba wani ɗalibina wurin.

Ashe masallacin na Bronx ya tashi daga inda yake tun shekarar da ta gabata. Da can wani shago suke haya a ƙasan bene, da jama'a ta yi yawa suka koma wani wuri mai faɗi, 'yan layuka kaɗan daga tsohon. Sakataren da ya cike fom ɗin sai ya ɗauko tsohuwar wasiƙar hukumar haraji, ya kwafe adireshin da ke kanta, ya zuba shi a gurbin adireshin masallaci, ya sake zuba shi a gurbin inda ma'aikaci zai yi aiki. Hujjarsa wai takardu su zama bai ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai, ya san wasiƙun can suke zuwa, domin rasit ɗin ma can ya je ya karɓo. Bai ga komai a ciki ba.

A wancan lokacin kuwa, ba a amincewa da takardar ma'aikacin addini sai jami'i ya taka da ƙafarsa ya ga wurin. Dokar ta samo asali ne daga sauyin da aka yi a Nuwamban 2008, bayan wani bincike na gwamnati ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na takardun ma'aikatan addini da aka duba akwai algus a ciki, har da wuraren ibadar da babu su sai a takarda. Saboda haka mutumin ba ya sanarwa, zuwa kawai yake yi. A watan Janairu ya zo adireshin da aka ba shi. Ya tarar da shagon kitso: mata uku a zaune, gashin kanti a rataye jikin bango, talabijin tana ta kiɗa. Ya tambayi masallaci da sunansa, mai shagon ta ce ita dai haya ta kama, ba ta san kowa ba. Ya ɗauki hoto ya tafi. Ni ban ga laifinsa ba. In ni ne aka aika na tarar da haka, abin da zan rubuta ke nan.

Mu ba mu san an yi haka ba. Ina Kano ina tilawa dare da rana, ina auna izifi nawa zan riƙa kaiwa a dare, har na ɗinka riguna masu kauri saboda an ce Maris ɗin can da sauran sanyi. Duk lokacin da na tambaya, amsar ɗaya ce: "Ana kan dubawa, Alaramma, haƙuri."

Wasiƙar da hukumar shige da fice ta aiko, wadda take cewa tana da niyyar ƙin amincewa sai dai in an kawo hujja cikin kwana 30, ita ma shagon kitson ta je. Ta kwanta a kan kanta tsakanin kwalaben man gashi har fiye da rabin wa'adin ya wuce. Wata baiwar Allah daga cikin matan masallacin ce ta je kitso, ta hango sunan masallaci a jikin ambulan, ta ɗauko. Ba don kitson nan ba, da takardar ta mutu a wurin ba wanda ya sani.

Nan fa kwamiti ya tashi tsaye, abin da ya kamata a yi tun Satumba. Aka ɗauki lauya. Aka tattaro takardar hayar sabon wuri, takardun kuɗin wuta, bayanan banki, hotunan sallar Juma'a da sahu cike har waje, jadawalin makarantar yara, da shaidar an sanar da hukumar haraji sauyin adireshi. Alhaji ya ce a biya kuɗin gaggawa ko nawa ne, domin akwai tsarin da ake biyan dala 1,500 a lokacin a samu amsa cikin kwana 15. Lauya ya ce wannan ƙofa a rufe take: a bizar R-1, sai masallacin da aka taɓa dubawa ya tsallake, a daidai wurin da ma'aikacin zai yi aiki, shi ake bari ya bi ta nan. Mu kuwa dubawar ce ba mu tsallake ba. Wato adireshin nan ya jawo jinkirin, ya kuma toshe hanya ɗaya tilo ta gajarta shi.

Sai ga wani abin haushin. Ranar 2 ga Maris 2023, muna tsakiyar wannan fafutuka, hukumar ta sanar da cewa ta daina tilasta dubawa kafin amincewa ga kowace takarda. Yanzu zaɓe take yi, kuma galibi bayan an amince ake zuwa. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin sauƙi. Har yanzu suna iya zuwa duk lokacin da suka ga dalili, kuma gara a tarar da shagon kitso kana gida da a tarar da shi kana can da iyalinka.

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris ina Kano. Na yi asham a sahun farko, bayan ɗalibina. Yaron ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, kuma ya zo har gida ya ce in karɓi abina. Na ƙi, don an riga an yi masa alkawari, ya kuma shirya. Amma kowa ya san abin da alaramma yake samu a goman ƙarshe da daren sauka, da shi ake yi wa yara kayan salla, ga shi shekarar ce ta wahalar canjin kuɗi, tsabar naira ta gagari kowa. Sannan ga bakin mutane. Kullum aka idar sai wani ya miƙo hannu yana murmushi: "A'a, Alaramma, yaushe aka dawo daga Amurka?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya, wasu kuwa Allah ya san nufinsu. Uwargida ma sai da ta rage shiga biki.

A cikin watan ne masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce in nemi bizar ziyara in shiga, "kowa haka yake yi, ka ja sallarka a ba ka ambulan ka dawo." Wani ya haɗa ni da dillalin biza da ya ce yana da hanya. Ban bi ko ɗaya ba. Bizar ziyara ba ta halatta maka karɓar albashi daga wurin da ke Amurka, kuma sunana yana cikin takardar da ke gaban hukuma cewa masallaci kaza zai ɗauke ni aiki da albashi kaza. In na je na ce yawon buɗe ido zan yi, ƙarya ce da shaidarta take a rubuce, kuma ƙarya a neman biza tana iya rufe wa mutum ƙofa har abada. Ban da haka ma, mutum ya yi ƙarya don ya je ya ja mutane salla, ai abin bai haɗu ba.

Takardar amincewa, I-797, ta fito ana shirin babbar salla. Kafin nan ƙasar ta riga ta juya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, tsakiyar Yuni aka saki naira, dalar da ake lissafawa a kan ɗari huɗu da sittin da wani abu a farashin gwamnati ta haura ɗari bakwai. Kuɗin biza ma ya tashi daga dala 190 zuwa 205 a wannan watan. Yarjejeniyarmu ita ce ni zan sayi tikiti, su mayar min in na iso. Kuɗin da na ware tun Janairu ya tashi daga isasshe ya koma bai kai ko'ina ba, sai da babur ɗina ya tafi. Duk wanda ya ce min kuskuren adireshi ƙaramin abu ne, babur ɗin nan nake tuna masa.

Sauran kuwa ba labari. Na cike fom ɗin neman biza, DS-160, na je ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Jami'ar da na samu ta tambayi sunan masallaci, wa zai biya ni, me zan riƙa yi in azumi ya wuce. Sai ta ce, ina masallacin yake? Na karanto mata sabon adireshin, lamba da layi, na haddace shi kamar Fatiha. Ta karɓi fasfo. A filin jirgi ma haka, 'yan tambayoyi aka wuce. Abin lura dai, ranar da ke kan I-94, wato takardar shaidar shigarka ƙasar, ita ce wa'adin zamanka, ba wadda ke jikin bizar ba. Karon farko ba ya wuce wata 30, in an ƙara duka-duka shekara biyar. Kuma masallacin da ya nemo ka kaɗai za ka yi wa aiki. Ba jan Uber, ba tsaron shago, wani masallacin ma in zai riƙa biyanka sai ya shigar da tasa takardar. Iyali suna iya biyo ka da bizar R-2 amma ba su da izinin aiki, saboda haka a yi lissafin albashin da hayar New York kafin a ɗebo su. Alƙaluman da na kawo na wancan lokacin ne, kuɗin I-129 ma an ƙara shi a Afrilun 2024.

Yanzu duk wanda ya kira ni, kafin ya fara zancen ijaza nake tare shi. Ka ce su kira ka ta bidiyo, su tsaya a ƙofar masallacin su nuna maka lambar ginin da sunan layin. Sannan su turo maka hoton shafin fom ɗin da aka rubuta adireshi, da wasiƙar hukumar haraji, da takardar haya, ka jera su ka karanta harafi bayan harafi. Ka tambaya ko sun taɓa tashi, ko an taɓa zuwa duba su a wurin da suke yanzu, da kuma wa yake buɗe akwatin wasiƙa. Za ka ji nauyin yi wa dattawa irin waɗannan tambayoyi, kamar kana tuhumarsu. Ka yi dai, cikin ladabi. Su masu niyyar alheri ne, amma yawancinsu direbobi ne da ma'aikatan dare, da gajiya suke cike takardun nan bayan lisha. In don azumi ne, a fara tun bayan ƙaramar sallar da ta gabace shi, a tuna kuma kowace shekara watan yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Kuma ko wane ne ya ce ka sallami mutanenka, ka ce to, amma kada ka saki wurinka sai biza ta hau fasfo.

Azumin 2024 na ja shi a Bronx, daga daren farko har sauka, kuma jama'ar sun riƙe ni da mutunci. Sakataren yana nan, a bayana yake salla, muna gaisawa lafiya lau. Sau ɗaya na taɓa tayar masa da zancen, muna shan shayi bayan tahajjud. Ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya ce, "Ai Alaramma, bara Allah ne bai yi ba." Na ce haka ne, Malam Sakatare. Washegari na roƙi Alhaji a ba ni makulli ɗaya na akwatin wasiƙa, aka ba ni.