Rayuwata a Filin Kurket, Kashi na 9: Alƙali da Magatakarda

Makon jiya mun tsaya a kan yadda ɗan wasa ke ajiye sanda ya koma alƙalanci. Yau sai karatun kansa, kuma tsarin Ingila zan bi, tunda can ne gidan abin.

Dokokin kurket 42 ne, kulob ɗin MCC da ke filin Lord's a Landan ke riƙe da su. Doka ta 2 ta alƙalai ce, ta 3 ta magatakarda, wato masu rubuta maki. Tom Smith ya kafa ƙungiyar alƙalai a 1953, a 2008 kuma aka haɗe ta cikin ACO, sashen jami'an wasa na ECB, hukumar kurket ta Ingila da Wales. Kwas ɗin hawa-hawa ne. Da fari dokoki da alamun hannu, sannan a tura mutum wasannin ƙananan kulob, masu sa ido su riƙa rubuta rahoto a kansa kafin ya hau mataki na gaba. Ƙololuwa ita ce rukunin manyan alƙalai da ICC, hukumar kurket ta duniya, ta kafa a 2002.

Alƙali yana isa fili minti 45 kafin a fara. Ya duba tsawon wurin jifa, yadi 22, ya duba turaku, tsayi inci 28, faɗin ukun inci 9. Sai ƙirga. Oba jifa shida ce, kuma nan sababbi ke faɗuwa. Ana riƙe tsakuwa ko kwabo shida, bayan kowace jifa a mayar da ɗaya zuwa ɗaya hannun. Amma waid (jifar da ta yi wa mai bugu nisa) da no-bol (jifar da ta saɓa doka) ba sa cikin shidan. Wanda hannunsa ya saba motsi sai ya saki tsakuwa a kan waid, oba ta ƙare da jifa biyar. Doka ta ce ƙirgar alƙali ita ke tsayawa ko da kuskure ce, don haka magatakarda ba ya gyarawa, abin da ya faru yake rubutawa.

Ni a ganina duk mai son alƙalanci ya fara zama a kan littafin maki kaka guda. A nan zai gane dalilin da ya sa ake cewa kada a sauke hannu sai magatakarda ya amsa. In aka bugi no-bol ta tafi iyakar fili, alamu biyu ne: hannu ɗaya a miƙe gefe, a jira amsa, sannan a kaɗa hannu a gaban ƙirji alamar maki huɗu, a sake jira. Wanda ya haɗa su a gurguje, maki ɗaya ya ɓace, sai an tashi a yi ta cacar baki.

Magatakarda biyu ne, kowane ɓangare da nasa, suna gwada lissafi a ƙarshen kowace oba. Ɗigo na nufin babu maki. Gicciye waid, da'ira no-bol, alwatika mai kai sama bai (makin da aka samu ƙwallo bai taɓa sanda ko jikin mai bugu ba), mai kai ƙasa leg-bai (makin da aka samu bayan ƙwallo ya taɓa jikinsa ba sanda ba). Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne daidaita littafi ta hanya biyu. Makin masu bugu da duk rarar maki, wato waid, no-bol, bai, leg-bai da makin hukunci, dole su ba da jimla. Makin da aka ci masu jifa, a ƙara bai da leg-bai da makin hukunci, su ma dole su ba da wannan jimlar. Waid da no-bol a kan mai jifa suke, bai da leg-bai ba nasa ba ne. In lissafi ya ƙi, a nan za a fara nema, sau da yawa bai ce aka ɗora wa mai jifa. Fensir ya fi biro, kuma ko da manhaja ake aiki, a ajiye takarda kusa, batir ba ya jiran a gama wasa.

Mako mai zuwa za mu shiga Doka ta 36, ta ƙwallon da ta bugi ƙafa gaban turaku, wadda ta fi jawo wa alƙali harara.