Ba ta da gidan da za ta yi yaji

Laraba, birnin Lesta, Ingila.

Aikin safe na yi yau a gidan kula da tsofaffi. Ruwa tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Da muka fita shan shayi, abokiyar aikina 'yar Indiya ta cire rigar sanyinta, sai na hango shatin yatsu a damtsenta, wurin har ya yi baƙi. Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Na yi shiru na zuba mata shayi. Sai da muka tashi, muna jiran bas a titin Belgrave, ta ce, "Yaya, in na faɗa miki wata magana za ki riƙe?"

'Yar jihar Punjab ce, ba ta kai talatin ba. Digiri gare ta a harhaɗa magunguna, amma wanka da ɗaga tsofaffi muke yi tare. Mijin ne ke da bizar aiki, ita a ƙarƙashinsa ta shigo. Albashinta yana faɗawa asusun da katinsa ke aljihun mijin, fasfonta ma yana hannunsa. Da ta ɗaga murya sai ya ce waya ɗaya zai buga a mayar da ita inda ta fito. Dukan jiya kuwa a kan kuɗi ne. Uwar mijin ta bugo daga gida tana cewa abin da iyayenta suka bayar lokacin biki bai kai darajar ɗa mai zama a Ingila ba. A can iyayen amarya ne ke kai wa dangin ango gwal da kuɗi, wani sa'in har da mota, kuma mahaifinta sai da ya sayar da wani yanki na gonarsa. Indiya ta haramta wannan al'ada tun 1961, amma alƙaluman gwamnatinsu na nuna mata fiye da 6,000 ke rasa rai a kanta duk shekara. Mu dai miji ke biyan sadaki, sai dai duk macen da aka taɓa yi wa gorin kayan ɗaki ko gara ta san ɗacin maganar.

Abin da ya tsaya mini a rai tun ɗazu shi ne wannan. A Kano in abu ya ishi mace, mayafinta za ta ɗauka ta tafi gidansu. Ko da za a ce mata ta yi haƙuri ta koma, ai sai miji ya zo biko, ya durƙusa gaban manya, an ji ta bakinta, yayyenta maza sun ga jikinta da idonsu. Ban ce yaji na magance komai ba, na san waɗanda aka mayar suka tarar da abin da ya fi na da. Amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ita wannan baiwar Allah gidansu na bayan teku, kuɗin jirgi na hannun wanda ke dukanta, takardar zamanta ma a jikinsa take rataye. Ta kira mahaifiyarta tana kuka, uwar ma ta fashe da kuka, sannan ta ce ta daure, ƙanwarta ba ta yi aure ba tukuna, me mutane za su ce?

Ita ce ta kawo zancen Harshita Brella, muryarta na rawa. Yarinya 'yar Delhi mai shekara 24, tana zaune a Corby, nan kusa da mu. Ta kai ƙarar mijinta, kotu ta ba da umarnin kariya na kwana 28 a watan Satumban 2024. A Nuwamba aka tsinci gawarta a but ɗin mota a Ilford, gabashin Landan, 'yan sanda suka shiga neman mijin. Ta ce, "Ita fa ta yi magana, Yaya." Na rasa amsar da zan ba ta.

Abin da na sani na faɗa mata. Riƙe wa mace kuɗi da fasfo da yi mata barazana laifi ne a dokar ƙasar nan tun 2015, ko da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ta kira lambar gaggawa 999 a wayar hannu kuma ba halin magana, ta danna 55 idan an nemi haka, don a haɗa ta da 'yan sanda. Na ba ta labarin Southall Black Sisters, ƙungiyar da mata suka kafa a 1979. Su ne suka tsaya wa Kiranjit Ahluwalia, 'yar Punjab kamarta, wadda ta sha duka shekara goma, ta cinna wa mijin wuta a 1989 ya mutu, aka yi mata ɗaurin rai da rai, sai a 1992 aka sassauta hukuncin ta fito. Da fafutukar irinsu aka samu dokar da ke bai wa matar ɗan ƙasa ko mai takardar dindindin damar zama in duka ya raba auren.

Ita ba ta cikin waɗannan, kuma nan raina ya ɓaci. Matar mai bizar aiki wata uku kacal ake ba ta na tallafi da izinin zama nata na kanta, wannan ma sai a 2024 aka fara. Bayan nan ta nemi wata hanya ko ta tattara. Wata uku ina zai ishi mace ta warke, ta sami ɗaki, ta sami lauya? Mijin ya san haka sarai, shi ya sa barazanarsa ke kama ta.

Bayan Isha ta turo mini hotunan damtsen da na takardar aurensu, ta goge a wayarta, na adana a tawa. Ranar Juma'a duk muna hutu, za ta ce masa an ƙara mata aiki, in raka ta wurin masu ba da shawara kan biza. Na gyara ƙaramin ɗaki na shimfiɗa katifa, na kuma gaya wa maigidana, ya ce ko tsakar dare ta zo a buɗe mata.