Karin kumallo a gidan fankek na bakin titi

A gidajen abincin bakin titi na Amurka, waɗanda suke kira diner, mai kunyar magana ko dai ya tashi da yunwa, ko ya ci abin da bai yi niyya ba. Kawuna ne ya fara kai ni, can wajajen Newark a jihar New Jersey, wata ranar Lahadi bayan mun idar da sallar asuba. Ya daɗe yana tuƙin tasi a ƙasar, kuma irin waɗannan wurare su ne matattarar direbobi da ma'aikatan asibiti da duk wanda ya kwana a bakin aiki, don wasu ba sa rufewa dare da rana.

Ginin dogo ne siriri, an lulluɓe shi da ƙarfe mai ƙyalli, da kanta mai tsawo da kujeru masu juyawa a gabanta. Asalin sana'ar ma ta masu aikin dare ce. A 1872 wani Walter Scott ya fara sayar da abinci a keken doki a birnin Providence, yana tsayawa ƙofar gidan jarida da daddare. Daga baya masana'antu suka riƙa ƙera ginin ɗungurungum su ɗauko shi su dasa a inda mai shi yake so, kuma da yawan masana'antun a New Jersey suke a lokacin, kamar ta Silk City da ta yi aiki a Paterson. Shi ya sa har yau jihar take tinƙaho da yawan irin waɗannan gidaje, akasarinsu kuma a hannun iyalan da suka yi ƙaura daga Girka.

Ba mu gama zama ba wata dattijuwa ta dire mana ruwa mai ƙanƙara, ga sanyi a waje ana ta rawar ɗari, ta cika kofuna da kofi ba tare da an tambaye ta ba. Sai tambayoyi suka biyo baya kamar a ofishin biza. Fankek nawa, biyu ko uku? Ƙwai fa, a dagargaza ko a bar kwaiduwa tana kwance? Burodi wane iri? Wane nama za a haɗa? Ni dai na zuba wa Kawu ido.

"Kai ma ka yi tambayarka mana," in ji shi. "Da kuɗinka ka zo, ɗana, ba sadaka za a ba ka ba."

"To Kawu, me zan tambaya?"

Ya nuna min bayan kanta da leɓe. Can ga wani faffaɗan farantin ƙarfe, mai girki yana tsaye a kansa da cokalin juyi a kowane hannu. A gefe ɗaya ƙwai, a tsakiya dankali, a ɗaya gefen kuma yankakken naman alade yana ta tsartuwa, kitsensa yana malala yadda ya ga dama. Wannan farantin shi ne babbar maganar Musulmi a irin wannan wuri. Fankek ɗin kansa ba shi da laifi: fulawa ce da ƙwai da madara mai tsami da ɗan sukari da bakar hoda. Inda za a soya shi ne abin dubawa. Wasu gidajen suna da faranti daban na fankek kawai, saboda shi ba ya son wuta mai ƙarfi kuma yana saurin ɗaukar ƙamshin abin da ya riga shi. Wasu kuwa duk a wuri ɗaya ake yi, sai dai a kankare da ƙarfe tsakanin wannan da wancan. Ba za ka sani ba sai ka tambaya, kuma abin mamaki ba sa jin haushi. Sun saba da masu cewa jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko alkama, don haka in ka ce ba ka cin alade sai ta rubuta kawai. Mu namu gidan yana da farantin fankek daban. Ƙwan kuma Kawu ya ce a soya a kasko mai tsabta da man shanu. Dankalin ya ce a bar shi, don shi ne ya fi kwana cikin kitsen nan. Akwai naman talotalo da ake yankawa ya yi kama da na aladen, amma wannan ma ba ya raba gardama, tunda ba ka san wanda ya yanka ba, kuma a kan farantin nan dai za a gasa shi.

Da abincin ya iso na gane dalilin tambayar biyu ko uku. Kowane ɗaya ya kusa cika faranti, an jera su wani kan wani, ga dunƙulen man shanu yana narkewa a sama. Na tsaya na kalli yadda ake yi daga baya: a zuba ƙullu da ludayi, a ƙyale shi har sai ƙananan ƙofofi sun huhhudo a samansa irin na sinasir, sannan a juya sau ɗaya tak. Mai girkin ba ya danna shi da cokalin, don iskar da tsamin madara da hodar suka tara a ciki ita ce ke ba shi laushi.

Sai maganar abin zubawa a kai. Kwalbar da ke kan kowane tebur, wadda kowa ke tuttulawa kyauta, ruwan sukarin masara ne da aka yi wa launi da ƙamshi. Na gaskiya, wato ruwan mapul, sai ka nema, kuma a ƙara maka kuɗi a kawo a ɗan ƙaramin kofi. Daga jikin itacen mapul ake tatso shi a ƙarshen hunturu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar, sai a dafa ruwan ya ƙone: kusan lita 40 ke ba da lita 1. Mutanen asali na yankin ne suka fara yin sa tun kafin zuwan Turawa, yanzu kuma lardin Quebec na Kanada ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wanda duniya ke sha, jihar Vermont kuma ce kan gaba a Amurka. Ya fi na masarar tsinkewa, zaƙinsa kuma ba ya hawa kai. A ganina ƙarin kuɗin ya halatta, tunda ba kullum ba ne.

Kofi kuwa ba ya ƙarewa. Da matar ta ga kofinka ya yi rabi sai ta cike, ba ƙarin kwabo, har sai ka ɗora tafin hannu a bakin kofin. Abin da ka rage ma ba kunya ba ne ka ce a sa maka a kwali ka tafi da shi.

Da aka kawo takardar kuɗi Kawu ya biya, ya kuma ajiye wasu daloli a ƙarƙashin kofi. Na ce, "Kawu, ai ka biya." Ya ce wannan na matar ne, kuma ba kyauta ba ce irin ta ganin dama. Dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa zaton tukuicin masu ci zai cike gibin. New Jersey ta ɗaga nata sama da haka, amma har yanzu bai kai mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata ba. Ni tsarin bai kwanta min ba, domin mai gida ne ya kamata ya biya ma'aikacinsa, amma hana ta ba zai gyara dokar ba. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin ake bari, Kawu kuwa 20 yake ajiyewa, ya ɗan ɗora in ya sa an wanke masa kasko.